Rumbun cikin ɗaki: tanadin cimaka a Tawa ga mai ƙaramin ƙarfi

Abu biyu ne suke yanke wa ƙaramin gida tsadar tukunyarsa a nan Tawa: watan da aka sayi abinci a cikinsa, da girman ma'aunin da aka saya da shi. Hatsin da manomi yake kawowa kasuwa a watan Oktoba ko Nuwamba, lokacin da aka gama girbi kowa yana neman kuɗin biyan bukata, shi ne dai za a auna mana a watan Yuli ko Agusta, sai dai a lokacin ya riga ya kwana a mangazar ƴan kasuwa, kuɗinsa kuma ya hau. Wanda ya tashi a ƙauye ya san wannan tun yana yaro, domin rumbu yana tsaye a bayan gida yana tuna masa. Mu da muka zauna cikin gari muna jiran albashi ko muna ƴar sana'ar hannu, mun saba da awon kullum har muna ganin babu wata hanya sai ita, alhali ita ce mafi tsada a cikin duk hanyoyin ciyar da iyali.

Lissafin ba shi da wuya. Buhun hatsi mai kilo 100 yana ɗaukar tiya 40 ko kusa da haka, tunda tiya guda tana kai kimanin kilo biyu da rabi. Gidan da yake cin tiya guda a yini, tsakanin furar rana da tuwon dare, buhu zai kai shi kwana 40. A ɗauka, don misali kawai, tazarar da ke tsakanin tiyar kaka da tiyar damina dala 40 ce, wato sefa 200. A buhu guda jika 8 ke nan, a buhu uku da gidan zai ci cikin watanni huɗu na damina kuwa jika 24, kuma a shekarar da ruwa ya yi gardama tazarar takan wuce haka nesa. Ƙananan ƙulle-ƙulle su ma haka suke cin aljihu ba a ankara ba. Man da ake zuba wa mutum a leda, da sukarin ƙulli, da tumatir na cokali, kowane ɗaya yana ɗauke da ribar mai tebur da kuɗin ledar kanta. Idan wata ya yi nisa aka koma littafin bashin mai kanti, albashi mai zuwa ya ragu tun bai iso ba, kuma dama an ce kowa ya ci hatsin rance nasa ya ci.

Mutanen Adar ba sa bukatar a ba su labarin yunwa. Manyanmu har yanzu suna ambaton ta 1984, wadda suke kira El Buhari saboda ta zo daidai da rufe iyakar Nijeriya. Mu kuma mun ga 2005, bayan fari da farin ɗango sun lalata amfanin shekarar da ta gabace ta, jihar Tawa tana cikin waɗanda suka fi jin jiki. A 2023, bayan juyin mulkin ranar 26 ga Yuli, takunkumin CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ya rufe iyakokin Benin da Nijeriya ana tsakiyar damina, shinkafar da ta saba shigowa ta tashar Kwatano ta yi tashin da ba a shirya masa ba. OPVN, ma'aikatar gwamnati mai kula da rumbunan abinci na ƙasa, takan fitar da cimaka a farashi mai rahusa idan abubuwa suka yi tsanani, kuma taimako ne na gaske ga wanda ya samu, amma abin da ake ba kowane gida ƙayyadadde ne, masu nema kuma suna da yawa. Ban ga hikima ba a ce magidanci ya jingina cikin ƴaƴansa gaba ɗaya a kan layin da bai san ranar da za a buɗe shi ba.

Hatsi shi ne farkon abin ajiya, domin shi ne yake shiga fura da kunu da tuwo da dambu, kuma idan ya bushe sosai yana shekara bai canza ba. Amma ba kowane sabon hatsi ne na ajiya ba. Wata tsohuwar ma'auniya da nake awo wurinta a kasuwar Lahadi ta taɓa hana ni wani buhu da idona ya kwanta a kansa saboda haskensa. Na ce mata, "Inna, ai wannan ya fi kyau." Ta ɗebi ƴan ƙwayoyi ta miƙo mini ta ce, "Ɗiyata, sa a haƙori. In bai ce ƙas ba, bai gama shan rana ba, na ci ne yau da gobe, ba na ajiya ba." Akwai kuma wata hanyar da ma'aikatan gona suke koyarwa: a zuba ƙwayoyin cikin busasshiyar kwalba tare da busasshen gishiri, a rufe, a girgiza, a ajiye na ɗan lokaci, idan gishirin ya manne a jikin kwalbar to da sauran danshi. Buhun da aka kawo gida ba a ajiye shi a ƙasa, ba a kuma jingina shi da bango. A ɗora shi bisa katako ko bulo, a bar masa sarari ta baya, saboda gara da ɓeraye da raɓar da ginin ƙasa yake sha da damina.

Ƙwaya ake ajiyewa, ba gari ba. Garin hatsi yana da ɗan mai a jikinsa, da zafin bazara kuwa cikin ƴan kwanaki yakan sauya ƙamshi ya soma ɗaci, saboda haka abin da za a ci a ƴan kwanaki kaɗai ya kamata a kai injin niƙa. A mafi yawan lokaci dawa ta fi hatsi sauƙi, kuma muna da ita a kwarurrukan Adar da Majiya, don haka gidan da ya saba haɗa su a tuwo ya bar zallan hatsi ga fura da kunun yara zai ga buhunsa ya ƙara kwana. Babu abin zubarwa a cikin hatsi. Dusa ta akuya ce ko ta kaji, tuwon da ya kwana ɗumamen safe ne, ƙanzon gindin tukunya kuma idan aka shanya shi aka tara, ranar da aka jiƙa shi aka kwaɗa da ƙuli-ƙuli da albasa da yaji, abincin rana ne cikakke wanda ba a hura masa wuta ba.

A ganina wake ne ya fi komai cancantar kulawar mai ƙaramin ƙarfi, kuma shi ne muka fi rainawa. Nijar tana cikin manyan masu noman wake na duniya, Nijeriya ce kaɗai take gabanta, kuma kaso mai yawa na abin da muke nomawa ƙetare iyaka yake yi, mu bar kanmu da sayen shinkafar da aka yi wa jigila daga Asiya. Masana abinci sun tabbatar cewa sinadarin gina jiki da ya yi ƙaranci a hatsi da shinkafa yana nan a wake, shi ya sa idan suka haɗu a kwano guda suke riƙe ciki kuma suke gina yaro ko da nama bai shiga gidan ba a wannan makon. Shinkafa da wake da aka yi rabi da rabi ta rage kuɗin shinkafa, ta kuma ƙara ƙoshi. Ɗanwake ba ya neman komai sai garin wake da na rogo da kuka da ɗan kanwa, a ci da mai kaɗan da yaji. Beruwar mutanen Arewa, wadda Dogon Dutsi ya yi suna da ita, busasshiya ake ajiye ta, kuma dafa ta ba ya cin lokaci. Ga alala, ga miyar wake da ake zuba wa tuwo. Ƙosai ne kawai nake ragewa idan wata ya yi nisa, saboda man da yake sha. Waken da aka jiƙa tun dare aka sa masa ɗan kanwa yana nuna da wuri, wannan kuma ragi ne a kuɗin itace ko gaz, wanda mutane da yawa ba sa sa shi cikin lissafin abinci.

Abin da yake karya farashin wake da kaka shi ne tsoron ƙwaro. Ƙwaron wake tun a gona yake yin ƙwai a jikinsa, saboda haka waken da ka gani tsab a kasuwa ya riga ya shigo da abokin gabarsa, bayan wata biyu ko uku ka buɗe buhu ka tarar da huda da gari. Manomi ya san haka, sai ya yi saurin rabuwa da shi, wanda ya iya ajiya kuma shi ne yake cin ribar wannan saurin. Iyayenmu suna gauraya shi da toka mai laushi ko rairayi, wasu da busasshen barkono, kuma yana yi idan waken ba shi da yawa. Hanyar da ta fi mini sauƙi ita ce ta bidon ɗin man girki na lita 20 ko 25. A wanke shi sarai, a kife shi ya bushe har babu ko ɗigon ruwa a ciki, a shanya waken a rana mai zafi, a bar shi ya huce, sannan a ɗura ana girgizawa ana buga gindin a ƙasa har ya cika zuwa wuya, a shimfiɗa leda a baki a murza marfin da ƙarfi. Ƙwarin da ke ciki za su shanye ƴar iskar da ta rage su mutu, ba tare da an zuba wani magani ba. Kan wannan dabara aka yi buhun PICS mai ruɓi uku, leda biyu masu kauri a ciki da buhun saƙa a waje, wanda jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro aka soma yaɗa shi a Afirka ta Yamma a 2007, masu binciken INRAN, cibiyar binciken noma ta ƙasa, na reshen Maraɗi suna cikin waɗanda suka yi aikin gwajinsa. Sharaɗinsa shi ne kada leda ta huje, a kuma ɗaure kowane ruɓi daban. Ƙwayar maganin nan da ake sayarwa a kasuwa don jefawa cikin buhu kuwa, iska mai guba take fitarwa, an yi ta ne don mangaza, bai halatta a sa ta a ɗakin da yara suke kwana ba ko kusa da shi.

Kayan miya su ne inda Allah ya yi wa Adar baiwa, kuma abin takaici ne a ce muna zaune a jihar albasar Galmi amma ƙarshen shekara ya same mu muna sayen albasa ƙwaya-ƙwaya. Wajen watan Maris da Afrilu, lokacin da ake cire ta a Galmi da Madawa da sauran garuruwan lambu, ana tara ta tsibi-tsibi a bakin hanya ana neman mai saye, bayan damina kuma sai ta yi tsadar da kowa ya sani. Manoma suna da rudu, ƴar bukkar kara mai shan iska da suke ajiye ta a ciki. A gida, abin da take so shi ne inuwa da iska: a baza ta bisa gadon kara ba a tara ta kan juna ba, a riƙa dubawa ana cire wadda ta soma laushi tun ba ta ɓata maƙwabtanta ba. Wadda ake tsoron ba za ta jure ba a yanka ta sirara a shanya. Lawashi kuma a daka shi a dunƙula a busar ya zama gabu, wanda ɗan kaɗan ɗinsa yake tayar da ƙamshin miya a watan da ɗanyar albasa ta gagara.

Tumatir lokacinsa ɗari ne, sa'ad da lambuna suka zubo har masu shi suna rasa yadda za su yi da shi. A nan ake yin kauɗa: a raba kowane biyu, a jera bisa tabarma mai tsabta a wuri mai tudu, a lulluɓa da yadi mara kauri saboda ƙurar hunturu da ƙudaje, a juya shi har ya bushe ƙayau. Kuɓewa da ƙarshen damina ake yankata a busar. Kuka da yakuwa da zogale a inuwa ake shanya su don kada rana ta ƙone su su rasa launi da amfani. Daudawar batso, wadda ake yi da ƴaƴan yakuwa, tana daɗewa kuma tana rage yawan dunƙulen Maggi da ake jefawa a tukunya. Ƙuli-ƙuli a daka shi a zuba a miya ko a kwaɗo, ɗan busasshen kifi irin na Tabalak kuma ko gutsure ne yana sauya ɗanɗanon tukunya gaba ɗaya. Gujiya kaɗai nake jan kunne a kanta, ita da masara: wadda ta yi fumfuna ko ta yi ɗaci a zubar da ita, domin gubar da ke cikin fumfunar tana lalata hanta kuma dafuwa ba ta kashe ta.

Shinkafar waje da makaroni da sukari da mai ba su san kaka ba, hanya da iyaka ne suke yanke musu farashi. Abin da ya rage wa mai saye a kansu shi ne ya guji ƙaramin ma'auni: buhun kilo 25 maimakon kilo-kilo, lita maimakon leda, sukari kuma tun azumi bai ƙarato ba. Mai ba ya son rana kuma ba ya son daɗewa, a sayi na wata guda ko biyu a ajiye a inuwa. Gishiri da kanwa ba sa lalacewa in ba su jiƙe ba.

Tambayar da ta fi kowace nauyi ita ce inda kuɗin sayen buhu za su fito, domin wanda yake awon kullum ba don jahilci yake yi ba, abin da ke hannunsa ke nan. Abin da ya ƙara tsananta lamarin shi ne kaka tana zuwa daidai da komawa lakwal a watan Oktoba, kuɗin da za a sayi hatsi mai araha su ne ake kai wa littattafai da tufafin yara. Ba a fafe gora ranar tafiya, saboda haka tanadin kaka tun bazara yake farawa. Mai zubin adashe ta roƙi a sa kwasarta ta faɗo a Nuwamba, ko ta yi musanya da wadda take son tata kusa da salla. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, waɗanda ƙungiyar agaji ta CARE ta soma a jihar Maraɗi a 1991 suka bazu a ƙasar, sun nuna cewa ɗan abin da mace take zubawa kowane mako yana taruwa ya yi aiki. Maƙwabta uku ko huɗu suna iya haɗa kuɗi su sayi buhu guda su raba da tiya a tsakar gida, kowa ya samu farashin buhu da kuɗin kwata. Gidajen da mazajensu suke cin rani a Abijan ko Libiya ko Nijeriya su ma akwai abin dubawa: saƙon kuɗi yakan zo ne lokacin da aka yi waya aka ce hatsi ya ƙare, wato lokacin da ya fi tsada, alhali da an aiko ko rabinsa tun kaka da ya sayi abin da ya fi haka. Wanda jika 10 ne kawai a hannunsa, shawarata ya fara da wake, ya bi da busassun kayan miya, hatsi kuma ya riƙa ƙara tiya guda a kan awon kowace Lahadi yana zubawa a gefe har kaka ta wuce. Sanin farashi ma yana taimako, hukumar SIMA tana bin kasuwannin ƙasar tana fitar da shi, kuma tambayar ɗan'uwa da ke Badagishiri ko Ƙonni ta waya ba ta cin komai.

Akwai masu jin nauyin ajiya a zuciyarsu, suna ganin kamar rashin tawakkali ne ko kuma ɓoye abinci. Malamai sun bambanta tsakanin mai tanadin abin da iyalinsa za su ci da mai kwashe kasuwa ya kulle don jiran mutane su shiga ƙunci, na biyun ne aka yi wa kashedi. Ya tabbata a hadisi cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan ajiye wa iyalinsa abincin shekara, kuma shawarar da Annabi Yusuf ya ba mutanen Masar ita ce su bar abin da suka girbe a cikin zangarniyarsa, abin da manomanmu suke yi da dami a rumbu har yau. Sai dai mai sayen kaka ya tuna cewa arahar da yake murna da ita matsuwar manomi ce, kada ya ƙara masa da tayin wulaƙanci. Haka nan duk wanda ya ajiye buhu a garin nan ya san za a yi masa sallama da kwano a hannu, ƴar'uwa ce ko maƙwabciya ko almajiri, kuma ba a tashe mu da mayar da kwano wofi ba. Abin da na ga ya fi shi ne a ware rabon wannan tun ranar da aka kawo kayan, a zuba shi a mazubinsa daban, don a bayar da sakin fuska ba tare da an taɓa abin da aka lissafa wa yara ba.

Ajiya tana lalacewa ne a hannun masu ɗiba idan babu ƙa'ida. Mutum guda ya kamata ya riƙa fitar da awo, da ma'auni guda da kowa ya sani, domin idan kowa yana zura hannu buhun kwana 40 ba ya kai wata. A rubuta watan da aka cika kowane mazubi a jikinsa, a fara da wanda ya fi daɗewa. Muddin kasuwa tana da sauƙi, daga kaka zuwa ƙarshen ɗari, a ci gaba da awo daga kasuwa idan da hali, a bar na ɗaki sai farashi ya soma hawa. Ga wake kuma ƙananan mazubai da yawa sun fi babbar tano guda, saboda duk buɗewa sabuwar iska ce take shiga, don haka bidon ɗin da aka buɗe shi za a ci har ya ƙare kafin a taɓa marfin na kusa da shi.